Sharhi: Peugeot 504, daga Sochaux zuwa Kakuri

Jama'a masu sauraro, sharhinmu na yau ya waiwayi motar da ta shafe kusan shekara talatin tana ɗaukar ma'aikata da iyalansu da fasinjojin tasha a nan Najeriya, wato Peugeot 504, wadda aka fi sani da Fijo.

Kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ya fito da ita a watan Satumba na 1968, bayan yajin aikin da ya tsayar da masana'antun ƙasar a watan Mayu ya jinkirta ƙaddamar da ita. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana siffarta, aka riƙa ƙera ta a garin Sochaux, kuma a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai. Amma abin da ya ɗaukaka ta a Afirka yana ƙarƙashinta ne. An yi ta da tsayi daga ƙasa, ƙafafun baya ne ke tura ta, sannan sandar da ke kai musu ƙarfin inji tana cikin wani bututun ƙarfe da ke kare ta daga duwatsu. Shokozobanta na da doguwar tafiya, don haka tana haɗiye gargada ba tare da ta wujijjiga na ciki ba. Injinta kuwa na kafireta ne, babu wani abin ɓoye a cikinsa, bakanike a gindin bishiya yana iya sauke shi da safe ya mayar kafin la'asar. Nasarar da ta yi a tseren Safari na ƙasar Kenya a 1975 ta tabbatar da abin da direbobi suka riga suka sani.

A wannan shekarar ce Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kakuri da ke Kaduna, lokacin da kuɗin mai ke kwararowa, ƙarin albashin da kwamitin Udoji ya ba da shawarar yi kuma ya cika aljihun ma'aikata. Wani abin da ba kowa ke tunawa ba shi ne, saboda cunkoson da ya toshe tashar jiragen ruwa ta Legas a wancan zamani, ta jirgin sama aka riƙa kwaso sassan motar daga birnin Lyon zuwa filin jirgin Kano, sannan a ɗora su a manyan motoci zuwa Kaduna. Bayan 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗauki manufar rage almubazzaranci, ta mai da 504 motar jami'anta tun daga sama har ƙasa. Malamin makaranta ko akawu kuma, idan ya kai wani mataki, yana iya karɓar bashin mota ya fito da sabuwa dal.

Sai dai a gaskiya ba a ofisoshi ta yi babban aikinta ba. Samfurin wagon mai layin kujeru uku, wanda aka yi domin mai iyali da yawa, shi ne ya mamaye tashoshi. Kamfanin ya tsara shi don mutum bakwai, amma 'yan kamasho ba su taɓa yarda da wannan lissafi ba, ga buhunan hatsi a but, ga wasu an ɗaure a bisa. A haka take tashi daga Kano ta nufi Maiduguri ko Sakkwato, ko ta tsallaka iyaka zuwa Maraɗi da Damagaram. Arharta ba a farashin sayenta take ba, domin Volkswagen da ake harhaɗawa a Legas ta fi ta sauƙin kuɗi. Arharta ita ce ta wuce hannu uku ko huɗu tana aiki, kuma duk garin da ta mace akwai mai gyara da kayan gyara.

A Turai an daina ƙera ta a matsayin motar iyali a 1983, bayan 505 ta gaje ta, amma Ajantina ta ci gaba har 1999, Kenya har 2004, Kaduna kuwa sai wajen 2006 ta saki. Mutane da dama na ɗaukar wannan tsawon rai a matsayin abin alfahari, mu kuwa muna ganin akwai rauni a cikinsa. Masana'antar Kakuri ta tsaya ne a kan ƙafa biyu da ba nata ba: sassan da ake sayowa da kuɗin waje, da cinikin gwamnati. Da aka karya darajar naira a 1986, farashin sabuwar mota ya fi ƙarfin albashi, magidanci ya koma ga 'yan Kwatano, waɗanda akasarinsu ƙirar Japan ne masu tsimin mai. Daga baya su ma ma'aikatun gwamnati suka juya ga Toyota da Honda. Peugeot 406 da aka harhaɗa a Kaduna ta samu karɓuwa, amma motar zamani ce mai na'urorin lantarki, ta fi ƙarfin sifana da sukuddireba kaɗai. A 2006 gwamnatin tarayya ta sayar da mafi yawan hannun jarinta a kamfanin, kuma a 2012 bashi ya sa hukumar AMCON, mai karɓar basussukan da suka maƙale wa bankuna, ta karɓe ragamarsa.