Me Ya Sa Hukuma Ke Kwashe Ƙwai a Kasuwa?

Jama'a, salamu alaikum. Galibin ƙwan da mai shayi ke soya muku a Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, ba kajin nan ne suka saka shi ba. Daga yammacin Kamaru ake lodo shi, wajajen Bafusam, a bi da shi ta Ngawundare, wani har Kusuri, ya tsallaka Injamena. Kafin ya iso Marwa ya ci sama da kilomita 1000 a bayan mota, ga gargadar hanya, ga zafin Maris da Afrilu da kan haura digiri 40.

To ku dubi ƙwan da ya sha wannan tafiya da kyau. Wani za ku gan shi da ɗan tsagi, siriri kamar gashi. Ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga, irin su salmonela mai kawo zawo da amai da zazzaɓi. Baragurbi da sauƙi, warinsa kaɗai ya isa ya kore ka. Wanda ya tsage bai fara wari ba shi ne abin tsoro, don shi ake warewa a karya masa kuɗi, ya ƙare a kwaɓin kek ko a kaskon waina.

A nan hukuma ke shigowa. Kamaru na da dokar kare lafiyar abinci, mai lamba 2018/020 ta 11 ga Disamba 2018, da kuma dokar kare masu saye ta 2011. Likitocin dabbobi na ma'aikatar kiwo su ke duba abincin da ya fito daga dabba, jami'an ma'aikatar kasuwanci kuma su ke bin shaguna. In kaya ya lalace, a kwashe, a rubuta takarda, a lalata shi. Ɗan kasuwa zai ji zafin asara, gaskiya ne, amma in aka bar masa kayan, gobe a wata kasuwar za a gan su.

A gida fa? Uwar gida, kada ki wanke ƙwai ki ajiye, ruwa na cire rufin da ke toshe ƙofofin ɓawon. Gwajin saka ƙwai a kwanon ruwa kuwa, wanda ya taso saman ruwa ya tsufa, amma nutsewa ba ta nuna babu cuta. Ki riƙa fasa kowanne daban a kofi kafin ki haɗa, ki dafa har gwaiduwa ta yi tauri, musamman na yara da mai juna biyu.