Amsoshin Tambayoyinku: cakulan abinci ne ko kwaɗayi?

To jama'a lokaci ya ja, wasiƙu kuma gasu tari guda, bari mu yi sauri.

Wani daga Maraɗi yana tambaya wai farin cakulan ya fi baƙi kyau? A'a malam, farin ma babu garin koko a ciki, man koko ne kawai da madara da suga.

Wata daga Kumasi ta ce karenta ya cinye mata cakulan. Ki kai shi wajen likitan dabbobi, abin yana yi wa kare illa sosai.

Sai wadda mutane da yawa suka aiko, wata uwa daga Zariya ta ce yaranta ba sa karyawa sai da shayin cakulan, ko yana gina jiki, kuma yaya za ta inganta shi? Likita, bismillah.

"To ai shi koko, ba kokon da ake sha da ƙosai ba fa, ɗan itace ne, Kwaddibuwa da Gana su ne kan gaba a duniya wajen nomansa, a Najeriya ma ana yi a Ondo da Kuros Riba. Kuma dangin goro ne, dukkansu akwai sinadarin kafin mai hana barci a ciki, ni kakata ma in ba ta ci goro ba..."

Likita, yaran Hajiya ake tambaya.

"Yauwa. Garin koko zalla yana da sinadarin ayon da magnesiyam, matsalar abin da ake lafta masa ne. Irin su Milo da Bournvita dama da sugansu a ciki, sai a ƙara cokali uku, a tuttula madarar gwangwani mai zaƙi, a haɗa da burodi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kar sugan da yake ƙarawa ya wuce kamar giram 50 a rana, wajen ƙaramin cokali 12 kenan, in ya tsaya a 6 ya fi. Yaro kuma ƙasa da haka."

To Hajiya kin ji, bari in maimaita don masu shigowa yanzu. Kar a ƙara suga a kan abin da dama yana da suga. In da hali a sayi garin koko wanda ba a haɗa da komai ba, a zuba cokali ɗaya cikin kunun gyaɗa ko madara, in ana son zaƙi a markaɗa dabino biyu a ciki. Ranar farko za su ɓata rai su ture kofi, nawa ma haka suka yi, kwana huɗu suka saba. Kuma don Allah iyaye a daina mayar da shayi shi ne karin kumallo gaba ɗaya, a sa ƙwai ko ƙosai ko alala a gefe.

Wani mai ciwon suga daga Garwa ya ce zai iya cin baƙin cakulan? Likita ta ce a duba wanda aka rubuta kokonsa 70% ko sama, ɗan gutsure biyu, ba sanda guda ba, giram 100 ɗinsa ya kai wajen kalori 600, kuma ka fara tambayar likitan da ke duba ka.

Injiniya yana ɗaga min hannu, sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.