Amsoshin Tambayoyinku: Zama a ƙasashen dusar ƙanƙara

Assalamu alaikum jama'a masu saurare, barkanmu da warhaka daga nan Damagaram. Wasiƙun wannan makon galibinsu a kan abu ɗaya suka tsaya: 'ya'yanmu da ke tafiya karatu ko neman halak ɗinsu a Kanada, Rasha da Faransa, da yadda za su yi da sanyin can.

Wasiƙar farko daga wata Hajiya ce a Birni. Ta ce ɗanta ya samu gurbin karatu a Monreyal ta ƙasar Kanada, zai tashi cikin Janairu, ta saya masa rigunan sanyi uku a Kasuwar Dole da bargo babba. Sun isa?

Hajiya, Allah ya sa ya je a sa'a. Rigunan nan za su fitar da shi daga filin jirgi zuwa mota, amma ba za su kai shi ƙarshen wata ba. Hunturunmu da muke kuka da shi, da asuba yakan tsaya ne wajen digiri 12 zuwa 15. Monreyal kuwa a Janairu matsakaicin sanyinta kusan digiri 10 ne ƙasa da sifili, wata rana ya gangara har 25. Kuma ba yawan riguna ke tare shi ba, tsarin sa su ne.

Hawa uku ake yi. Na ciki, riga da wando masu kama jiki, na ulu ko na poliyesta, ban da auduga. Dalili: auduga tana shan gumi ta riƙe shi. Yaro zai shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ko aji mai ɗumi ya yi zufa, yana fitowa waje sai jiƙaƙƙiyar rigar ta koma ita ce ke zuƙe masa zafin jiki. Na tsakiya suwaita ce mai kauri, nan rigunanki za su yi amfani. Na waje babbar riga mai hula, wadda iska da ruwa ba sa ratsawa, ta sauko har cinya. Wannan da takalmi ya bari sai ya isa can ya saya, akwai shagunan gwanjo masu rangwame. Takalmin ya kasance mai dogon wuya, ƙasansa roba mai zane, kuma ya ɗara lambar ƙafarsa da ɗaya, don matsattsen takalmi yana hana jini gudu, yatsu su fara daskarewa tun ba a je ko'ina ba. Safar hannu, wadda yatsu huɗu ke zama a aljihu ɗaya ta fi mai rarrabe yatsu ɗumi. Hula kuma sai ta rufe kunne. Hular zanna a ajiye ta don Juma'ar bazara.

Ki zuba masa man kaɗanya da yawa, domin iskar ɗakunan da ake ɗumamawa busasshiya ce, fata da leɓe su tsage kamar dai a tsakiyar hunturu. Kilishi kam kada ki sa, jami'an kan iyakar Kanada ba sa barin matafiyi ya shiga da nama daga nan.

Sai wani saurayi daga Magarya, yana tambaya ko gaskiya ne sanyi yana cinye wa mutum yatsu da kunne.

Gaskiya ne, ƙanena, amma ga wanda ya yi sakaci. Idan sanyi ya haɗu da iska har jiki na jin sa kamar digiri 28 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Hanci, kunne, kumatu da yatsu su ne na farko. Da fari wurin zai yi zugi, sannan ya mutu, ya yi tauri, launinsa ya koɗe. A shiga ɗaki, a cire duk abin da ya jiƙe, a tsoma wurin cikin ruwa mai ɗumi, digiri 37 zuwa 39, na kamar rabin awa. Ba a murzawa, murza tana ƙara lalata naman. Ba a kuma kara shi a wuta ko a jikin na'urar ɗumama ɗaki, tunda wurin ba ya ji, zai ƙone mai shi bai sani ba. In ya yi bororo, ko ji bai dawo ba, sai asibiti. Wani abin kuma da ke kai baƙi wurin likita shi ne santsi: siririyar ƙanƙara da ke shimfiɗe a kan hanya ba a ganinta. Gajeren taku ake yi, hannuwa a waje ba cikin aljihu ba.

Wasiƙa ta uku ta fi taɓa mu. Wata 'yar'uwa daga Miriya ta ce mijinta yana karatu a Mosko. Tun Nuwamba ya sauya: barci ba iyaka, waya sai ta kira sau uku, in ya ɗauka ya ce shi komai ya fita ransa. Dangi wasu na cewa ya samu wata, wasu na cewa hannu aka sa masa.

'Yar'uwa, kafin a zargi kowa, a dubi rana. Mu nan ko a Disamba muna samun hasken rana fiye da awa 11. Mosko a ƙarshen Disamba kusan awa 7 ne, rana ta fito wajen ƙarfe 9, kafin ƙarfe 4 na yamma ta faɗi, kuma sau da yawa gajimare ya rufe ta. Mutum ya fita da duhu, ya dawo da duhu, Azahar da La'asar da Magariba su zo a jere ba numfashi. Ƙarancin haske yana rikita agogon jiki, ya kawo nauyin jiki, yawan barci, kwaɗayin zaƙi da ƙuncin rai. Likitoci sun san wannan ciwo, kuma yana da magani. Dusar farko kowa na murna da ita, ana ɗaukar hoto ana turo wa gida. Wata biyu bayan nan ne ake gane mai juriya, kuma ba rauni ba ne a kasa.

Ki gaya masa ya fita waje da tsakar rana ko da minti 30 ne, ko da akwai gajimare, don hasken waje ya ninka na kwan lantarki nesa ba kusa ba. Ya tsayar da lokacin tashi ɗaya. Akwai fitila ta musamman mai ƙarfin luks 10,000 (luks ma'aunin ƙarfin haske ne), ana zama gabanta minti 20 zuwa 30 da safe, ba da dare ba. Ya tambayi likita maganar bitamin D, domin baƙar fata ba ta samun isasshe daga ranar can. Kada ya ci abinci shi kaɗai kullum, ya nemi 'yan'uwa a masallaci ko cikin ɗaliban Nijar. Ke kuma ki sa masa lokacin kira tsayayye, ban da gori. In abin ya wuce mako biyu yana hana shi karatu, ya ga likitan jami'a. In ko ya fara maganar gajiya da rayuwa, ba a jiran gobe.

Ta ƙarshe daga wani malami a Tanut. Ƙanensa a Faransa yana kukan tsadar wuta, shi ne yake tambaya ko zai iya hura gawayi a kasko kamar yadda ake yi nan.

A'a, Malam, ko kusa. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba marar wari marar launi. Tana farawa da ciwon kai da jiri, sai barcin da ba a tashi, kuma ɗakunan can a rufe suke cikin sanyi. Wannan gargaɗin ya shafe mu nan ma, masu kwana da kasko cikin hunturu. Ƙanen naka ya tsayar da na'urar ɗumama ɗaki a digiri 19, ya ƙara suwaita, ya toshe ƙasan ƙofa da tsumma, ya buɗe taga minti 10 kullum don kada bango ya yi danshi. In zai yi tafiya kada ya kashe na'urar gaba ɗaya: ruwa in ya daskare yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100, ya fasa bututu. In kuma zai sake ɗaki, ya tambaya tun kafin sa hannu ko kuɗin ɗumama na cikin kuɗin haya.

Lokaci ya ƙure, sauran wasiƙu sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.