Amsoshin Tambayoyinku: Ido Garau, Amma Yana Ganin Abin Da Babu

Masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙar farko daga Gusau ta fito. Wata baiwar Allah ce ta ce ƙanenta na fama da lalurar ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira sikizofireniya. Yakan ce ga fuskokin mutane a jikin labule, amma a asibitin ido an ce idonsa garau. To ina matsalar take?

Malama, Allah Ya ba shi lafiya. Ido ɗan aike ne kawai, ƙwaƙwalwa ce ke yanke hukunci, kuma da abin da ta saba gani take yankewa. Shi ya sa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A wannan lalura, ma'aunin da ke tsakanin sabo da saƙon ido ne ke karkacewa.

A 2009, masana a Hannover ta Jamus sun nuna wa mutane hoton fuskar roba ta ciki, wato ɓangaren da ya lotsa kamar cikin ƙwarya. Masu lafiya kusan kullum sai su ga fuska ta turo waje, don tun suna goye ba su taɓa ganin hancin da ya shige ciki ba. Masu sikizofireniya kuwa yawanci sun gan ta a lotse, yadda take. A nan sabo ne ya yi musu rauni.

Amma a 2015, a jami'ar Kambirij ta Ingila, sai aka ga akasin haka. An nuna hotuna masu dabbare-dabbaren baƙi da fari, masu wuyar ganewa, sannan aka nuna na asali masu launi, aka sake dawo da na farkon. Masu alamun farko na irin wannan lalura sun fi masu lafiya cin moriyar abin da suka gani a baya. Wato wani lokacin sabon ne ke yin ƙarfi har ya danne ido, inuwar labule ta zama fuska.

Don Allah, Malama, kada a ƙaryata shi, kada a yi masa dariya. A wurinsa gani ne na haƙiƙa. Ki faɗa wa likitansa lokacin da abin ke zuwa, da magariba ne ko bayan rashin barci, kuma kada ya yanke magani da kansa.

Wani malami daga Maraɗi kuma ya ce: da gaske ne wanda aka haifa makaho ba ya kamuwa? Malam, a wani bincike na 2018 a yammacin Ostireliya an bibiyi yara sama da 460,000. Cikinsu 66 an haife su da makantar da tushenta ke ƙwaƙwalwa, kuma ko ɗaya bai kamu ba. Adadin kaɗan ne, amma ya ƙara jan hankalin masana zuwa ga rawar da gani ke takawa a wannan ciwo.