Laccar da aka yi kan masu tonon tsoffin kwabbai a bankunan Amurka

Assalamu alaikum jama'a. Na baya kuna jina ko? Toh madalla. An ce in yi magana kan wani abu da na gani a zamana na Amurka wanda ba a cika ba da labarinsa ba, sai na ce bari in ɗauko wanda ni kaina na tsunduma a ciki har maiɗakina ta fara cewa anya lafiyata ƙalau kuwa. Wato wata ɗabi'a ce da wasu mutanen can suke da ita, mutum ya je banki ya sayo kwandala katan guda, ya dawo gida ya baje a tebur yana duba su ɗaya bayan ɗaya ko Allah zai sa ya dace da tsohuwa ko wadda aka yi kuskure wajen bugata.

Kwandalar da nake nufi ita ce mafi ƙanƙanta a kuɗinsu, santi ɗaya, guda 100 ne dala ɗaya. Su suna ce mata peni, ni kuwa kwabo zan riƙa cewa don ya fi mana daɗin baki, kuma dama kwabon namu ai daga sunan jan ƙarfe a Turanci muka aro shi. Dattawan da ke gaban nan sun san kwabo mai huda da anini da taro da sisi, su ba sai na musu bayani ba.

Yadda abin yake, banki yana naɗe kwabban ne a takarda, ƙunshi ɗaya guda 50. Katan ɗaya kuma ƙunshi 50, kenan kwabo 2,500, kuɗinsa dala 25 cif. Nauyinsa ya haura kilo 6, ranar farko da na ɗauko sai da na sauya hannu sau biyu kafin in kai mota. Abin da ya ja mutane ciki shi ne ba ka asarar komai, dala 25 ka bayar dala 25 aka baka, in ka gama dubawa ka cire wanda kake so ka maida sauran banki su zuba maka a asusu. Jarinka yana nan, lokacinka ne kawai ya tafi da kuma yatsunka da za su yi baƙi ƙirin suna warin ƙarfe.

Toh me ake nema? Abu na farko da ido yake koyo shi ne bayan kwabon. Tun 1909 fuskar tsohon shugaban Amurka Abraham Lincoln ce a gaba, an sa ta ne don cikarsa shekara 100 da haihuwa, kuma har yau ba a cire ba. Bayan ne yake canzawa. Daga 1909 zuwa 1958 zangarniyar alkama biyu ce a baya, ɗaya dama ɗaya hagu. Daga 1959 aka koma hoton ginin tunawa da Lincoln da ke Washinton har 2008, a 2009 aka yi zane kala huɗu, daga 2010 kuma garkuwa. Saboda haka kana juya kwabo ka ga alkama, ka san ya ba shekara 60 baya, sai ka ware shi gefe. Wallahi akwai wani daɗi da mutum yake ji in ya yaga takarda ya ga alkamar nan ta leƙo, ko da kuwa ya san ba za ta saya masa ko shayi ba. Don gaskiyar magana yawancin na shekarun 1940 da 1950 an buga su ne da ɗaruruwan miliyoyi, in ka kai wa dillali 'yan santi kaɗan zai baka.

Sai kuma ƙaramin harafin da ke ƙasan shekara. In ka ga D a birnin Denba aka buga, in S ne San Faransisko, in babu komai Filadelfiya. Wannan ɗan harafin da bai kai ƙwayar gero ba shi ne yake raba kwabon banza da na kirki. Misali wanda kowa yake mafarki, na 1909 mai S mai kuma haruffa VDB a ƙasan baya. Haruffan sunan wanda ya yi zanen ne, Victor David Brenner, mutane suka yi ta surutu wai ya cika son a san shi ya sa sunansa ɓaro ɓaro a kuɗin gwamnati, cikin 'yan kwanaki aka ce a cire. Kafin a cire ɗin San Faransisko guda 484,000 kawai ta buga. Akwai na 1914 mai D, guda 1,193,000, da na 1931 mai S guda 866,000. Ka kwatanta da shekarun baya bayan nan da aka riƙa buga biliyoyi a shekara ɗaya. Ni dai ban taɓa samun ko ɗaya daga cikin ukun nan ba, kuma duk waɗanda na sani suna wannan harka babu wanda ya samu a katan na banki, an riga an tsince su tun zamanin kakanninsu.

Yanzu ga inda na fi so mu tsaya, shekarar 1982. Yaro miƙo min jakar nan. Yauwa. Kun ga waɗannan biyun, duka 1982 aka rubuta, kala ɗaya, girma ɗaya, in na juya su a hannu ba mai iya bambancewa. Amma ba ɗaya ba ne. Kafin 1982 kwabo kashi 95 cikin 100 jan ƙarfe ne. Da jan ƙarfe ya yi tsada sai gwamnati ta canza a tsakiyar shekarar, aka koma zinki kashi 97.5 aka shafa masa jan ƙarfe siriri a sama kamar yadda ake wa ɗan kunnen roba ruwan gwal. Shi ya sa a shekarar akwai iri biyu. Ga ɗan sikeli irin na masu gwal, bari in ɗora. Wannan giram 3.1. Wannan kuma 2.5. Mai nauyin shi ne na jan ƙarfe. In ba ka da sikeli ma kunne ya isa, ku yi shiru ku ji, wannan in na sake shi a tebur yana ɗan yin ƙara mai tsawo, ting, wancan kuwa tak kawai, kamar maɓalli. Kun ji ko? Toh akwai mutanen da ba ruwansu da alkama ba ruwansu da kuskure, jan ƙarfen kawai suke tarawa bokiti bokiti a gareji, saboda ƙarfen da ke cikin tsohon kwabo ya fi santi ɗaya daraja. Matsalar ita ce tun 2006 doka ta hana narka kwabo, wanda aka kama tarar tana iya kai dala 10,000 ko ɗaurin shekara 5. Sai suka zauna da bokitansu suna jiran ranar da za a ɗage dokar. Ni wannan ɓangaren bai taɓa burge ni ba, ka cika ɗaki da abin da ba ka isa ka taɓa ba, in za ka tashi daga gidan haya ma sai ka nemi 'yan dako.

Sai maganar da ta fi ruɗa mutane a intanet, kwabon 1943. Lokacin ana yaƙin duniya na biyu, ana buƙatar jan ƙarfe don harsashi da wayoyi, sai aka buga kwabon shekarar da baƙin ƙarfe aka shafa masa zinki, ya fito fari fari kamar azurfa. Mutum yana ganinsa a ƙunshi gabansa zai faɗi ya ɗauka ya yi kuɗi, alhali an buga sama da biliyan ɗaya, ba wani abu ba ne. Mai tsadar shi ne akasinsa. Wasu 'yan ragowar faifan jan ƙarfe na 1942 sun maƙale a inji aka buga musu 1943 bisa kuskure, ba su da yawa ko kaɗan, ɗaya mai D an sayar da shi dala miliyan 1.7 a 2010. Toh daga nan ne 'yan damfara suka samu ƙofa, su ɗauki na baƙin ƙarfen su yi masa ruwan jan ƙarfe, ko su ɗauki na 1948 su goge rabin 8 ɗin ya koma kamar 3. Gwajin farko maganaɗisu ne, in ya manne to jabu ne ba sai an je da nisa ba. In bai manne ba ka duba wutsiyar 3 ɗin da kyau.

Ina ganin hannu can. Na'am Malam? Yana tambaya wai to me mutum zai iya samu da gaske a yanzu. Tambaya mai kyau. Kurakuran baya bayan nan su ne ake iya dacewa da su, don mutane ba sa lura. Akwai abin da ke faruwa in hatimin da ake buga kuɗin da shi shi kansa ya fito da rubutu ninki biyu, to duk kwabon da ya buga haka zai fito. Mafi shahara na 1955 ne, lambobin shekarar da sauran rubutun duka kamar mai jiri ne yake kallo, ba ka buƙatar madubi. Akwai na 1972, akwai na 1983 a baya, na 1984 kunnen Lincoln ne ya zama biyu, na 1995 kuma shi ne ya fi sauƙin samu. Sannan a kalmar AMERICA da ke baya ana duba tsakanin A da M, a na 1992 in sun kusa haɗewa abu ne mai tsada sosai, a na 1998 da 1999 da 2000 kuma wanda suka ware da juna ake nema. Wannan sai da madubi mai ƙara girma da fitila mai kyau. Amma a kula, akwai wani ninkin na bogi da ke faruwa in inji ya ɗan girgiza lokacin bugu, rubutun sai ya yi kamar an murje shi gefe, a baje ba tudu, wannan ba shi da wata daraja. Ni na taɓa kwana ban yi barci ba a kan irinsa, gari na wayewa na kai wa wani tsohon dillali, ko minti ɗaya bai yi ba ya turo min abina yana murmushi.

Hajiya na ji tambayarki, wai a wanke shi da toka ko lemon tsami ya yi ƙyalli. Kul! Dan Allah kar a yi. Wurin masu tara kuɗin tarihi kwabon da aka goge ya mutu, wannan duhun da ya yi na shekaru shi suke so, kamfanonin da ke tantancewa irin su PCGS da NGC suna ganin goge za su rubuta a jiki farashi ya faɗi. Ko riƙewa ma ta gefe ake yi.

Wani abu kuma na zaman lafiya da ma'aikatan banki. Masu harkar ba sa maida kwabbai inda suka saya, banki ɗaya na ɗauka wani daban na zubarwa, in ba haka ba naka za a sake naɗewa a baka ka yi ta duba abin da ka riga ka duba. Ni na yi wannan wautar a farko, na gane ne da na ga wani kwabo mai lanƙwasa da na sani sarai ya dawo min. Kuma ƙunshin da aka fi so shi ne wanda mutane suka naɗe da hannunsu suka kawo, ba na inji ba, don wani lokaci tsoho ne ya rasu jikoki suka tarar da gwangwanin da ya shekara 50 yana tarawa suka kwasa suka kai banki ba su duba ba. Wata ma'aikaciya da muka saba, in irin wannan ya shigo sai ta ajiye min, ni kuma in kai musu cincin in an yi sallah.

Yanzu dai harkar ta shiga wani hali. Buga kwabo ɗaya ya koma yana cin santi 3.69 a lissafin 2024, asara kenan a kowane ɗaya. Kanada ta daina nata tun 2012. Amurka ma a Fabrairun 2025 shugaba Donald Trump ya ba da umarni a daina, ranar 12 ga Nuwamba 2025 aka buga na ƙarshe a Filadelfiya. Har yanzu kuɗi ne ana karɓa, amma sabo ba ya fitowa, kuma shaguna da bankuna a wurare da dama sun fara kukan ƙarancinsa, kenan sayen katan guda ba zai yi sauƙi kamar da ba.

An yi min alama lokacin sallah ya gabato. Zan bar sikelin da maganaɗisun a kan teburin nan, ga na alkama guda biyar ga farin na 1943, duk mai so ya zo ya taɓa bayan an idar, amma dan Allah na ƙirga su kafin in fito daga gida. Wassalamu alaikum.