Katin Bashi a Amurka: A Mayar Maka da Kuɗi, Ko A Tara Maka Makin Jirgi?

Assalamu alaikum. Iyayena da 'yan uwana mazauna New York, sannunku da zuwa, Allah ya saka wa waɗanda suka shirya wannan zama.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce: wane katin bashi ya fi, wanda ke mayar maka da wani kaso na abin da ka kashe, ko wanda ke tara maka maki ka hau jirgi? Kafin amsa, mu san inda kuɗin ke fitowa. Duk lokacin da ka goga kati a shago, ana cire wa mai shagon kusan kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, kuma banki ne ke ɗaukar mafi yawa. A ciki yake yago maka ɗan wani abu, kamar gyaran da mai awo ke ƙara maka a kan mudu, alhali ya riga ya sa shi cikin farashi. Shi ya sa a Turai, inda doka ta taƙaita wannan kuɗi zuwa kashi 0.3 tun 2015, ba a samun irin garaɓasar da ake samu a nan.

To, mu yi lissafi. A ce kana kashe dala 1,500 a wata, cefane da mai da kuɗin waya. A shekara dala 18,000 ke nan. Kati irin Citi Double Cash yana mayar da kashi 2, wato dala 360, babu kuɗin shekara. Katin jirgi kuwa, a yawancin sayayya maki ɗaya yake ba ka kan kowace dala, kuma darajar maki ba ta cika wuce santi ɗaya da 'yan kai ba. Sannan da yawansu sai ka biya kuɗin shekara. Ku auna da kanku.

Amma abin da ya fi damuna shi ne wanda ke riƙe da farashin makin. Dala dai dala ce. Maki kuwa kamfanin jirgi ne ke buga shi, shi ne kuma ke yanke nawa za ka bayar kafin ka samu kujera. Delta ta cire jadawalin farashin makinta tun 2015, United ta bi sahu a 2019. Yau ka duba tikitin Accra ka ga wani adadi, gobe ka ga ya haura. Ba ƙaramar sana'a ba ce a wurinsu, jama'a. A 2023 kaɗai, American Express, mai fitar da katunan bashi, ta biya Delta kimanin dala biliyan 6.8 saboda waɗannan katunan.

Kuma yaushe muke zuwa gida? Hutun makaranta, ƙarshen shekara, ko Sallah, da uwargida da yara huɗu. Daidai lokacin da kujerun maki suka fi wuya ke nan. Ko ka samu, haraji yana nan sai ka biya shi da kuɗi.

Ban ce katin jirgi ba shi da rana ba. Ɗan kasuwar da ke tafiya shi kaɗai sau da yawa, wanda zai iya ɗaga tafiyarsa da kwana biyu, yana cin riba. Makin United yana aiki a Ethiopian Airlines da EgyptAir, tunda ƙungiyarsu ɗaya, Star Alliance, kuma Ethiopian da EgyptAir duk suna sauka Kano. Ga makin maraba da ake bai wa sabon mai kati, wanda wani lokaci yana da tsoka. Sai dai kar ka sayi abin da ba ka buƙata don ka cika sharaɗinsa na kashe wani adadin kuɗi kafin a ba ka makin.

Yanzu ku ba ni hankalinku. Kuɗin ruwan katunan nan ya haura kashi 20 cikin ɗari a 'yan shekarun nan. Wanda ya bar bashin dala 3,000 ya shekara a kansa zai biya sama da dala 600, ya cinye waccan dala 360 har da ƙari. Ga kuma haramcin riba a kanmu. Malamai sun yi saɓani kan sa hannu a yarjejeniyar da ke da sharaɗin ruwa ko da mutum ba zai taɓa biyansa ba, wannan kuma Malam Liman zai yi mana bayani bayan La'asar. Abin da nake roƙo, wanda ya riga ya riƙe kati ya shiga manhajar bankinsa a daren nan, ya saita ta ta riƙa biyan bashin gaba ɗaya kowane wata, ba mafi ƙarancin da suke rubutawa a takarda ba.

Mai tambaya ya ɗaga hannu, za a miƙo masa makirfo.