Kowa Na Malam Ne, To Wa Talaka Zai Zaɓa?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Duk ranar 17 ga Afrilu, ranar da Malam Aminu Kano ya rasu a 1983, 'yan siyasa kan yi ta tururuwa suna yabonsa. Na gwamnati ya ce shi ɗan gidan Malam ne, na adawa ya ce shi ne magajinsa. A Kano ma har jar hula ta zama shaidar gado. Sai dai tsohon ɗan NEPU ko PRP, jam'iyyun da Malam ya jagoranta, da matashin da ya tashi da wannan ra'ayi na a fifita talaka a kan mai dukiya da mai sarauta, idan ranar zaɓe ta zo aka miƙa masa takardar ƙuri'a, sai ya bi alamomin jam'iyyu daga sama har ƙasa ya rasa inda zai dangwala da zuciya ɗaya.

Zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ya ishe mu misali. 'Yan takara uku da suka fi samun ƙuri'a, wato Bola Tinubu na APC, Atiku Abubakar na PDP da Peter Obi na jam'iyyar Labour, duk sun yi alƙawarin janye tallafin man fetur. Har da Labour, wadda ƙungiyar ƙwadago ta haifa! Mutum na iya ganin janye tallafin daidai ne, yana iya ganin kuskure ne, wannan muhawara ce mai zaman kanta. Amma wanda yake ganin kuskure ne, wa zai zaɓa a cikin ukun? An ba shi zaɓi tsakanin mutane, ba a ba shi zaɓi tsakanin manufofi ba. Ranar 29 ga Mayu Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafi a jawabin rantsuwa, kafin mako ya zagayo litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500. Direban Keke Napep da mai markaɗe ba su buƙatar a yi musu bayanin abin da ya biyo baya.

Ba mamaki da mutum sama da miliyan 93 suka yi rajista, amma waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Ana cewa lalaci ne. Ni a ganina, a cikin waɗanda suka zauna a gida akwai masu fushi da yawa.

A da fa akwai bambanci da ido ke gani. NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, ta fito ƙarara ta ce rigimarta tsakanin talakawa ce da masu mulkin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna. 'Ya'yan jam'iyyar teloli ne, da malaman zaure, da 'yan koli, da mahauta. Cewa "Sawaba" kaɗai na iya kai mutum gaban alƙali, a yi masa bulala ko a ɗaure shi. Hajiya Gambo Sawaba ta sha shiga kurkuku saboda neman a ba matan Arewa 'yancin jefa ƙuri'a. Da PRP mai alamar mabuɗi ta ci jihohin Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Manomin da dagaci ke ƙwace wa akuya saboda kuɗin haraji ya san ƙuri'arsa ta yi aiki, ba sai an faɗa masa a rediyo ba.

To amma a nan ne ya kamata masu wannan ra'ayi su faɗa wa kansu gaskiya, domin ba abokan hamayya kaɗai suka kashe gidan ba. Gwamnonin biyu suka riƙa halartar taron gwamnoni tara na jam'iyyun adawa, uwar jam'iyya ta hana, suka ƙi bari, aka kore su. Shi ke nan gida ya rabu, ga 'yan Santsi na Rimi, ga 'yan Taɓo na Malam. Mutanen da suka sha ɗauri tare suka koma yi wa juna habaici a dandalin taro. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: a watan Yunin 1981 majalisar dokokin Kaduna, wadda NPN, jam'iyyar da ke mulkin ƙasa a lokacin, ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe Musa, gwamna na farko da aka taɓa tsigewa a Najeriya, bayan ta hana shi kafa majalisar kwamishinoni. Wata guda bayan haka aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba Rimi shawara kan siyasa, a tarzomar Kano. A 1983 Rimi ya koma NPP, Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi, shi ma wata uku ya yi sojoji suka hamɓarar da kowa.

Yau kuwa ƙofar ma da kuɗi ake buɗe ta. A 2022 APC, mai kalmar "ci gaba" a cikin sunanta, ta sayar da fam ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, PDP kuma miliyan 40. Mafi ƙarancin albashi a lokacin naira dubu 30 ne. Ku lissafa: ma'aikaci zai shekara sama da 270 bai ci ba, bai sha ba, kafin ya sayi fam ɗin APC. Wanda ya biya wannan kuɗi, ya sallami daliget, ya raba taliya da atamfa da sabulu, idan ya hau mulki wa zai fara tunawa? Shi ya sa sauya sheƙa ba ta ba kowa kunya. Gwamna ya kwana a wannan jam'iyya ya tashi a waccan, ba abin da ya sauya sai hula da fosta.

PRP tana nan da rajistarta, ta tsira lokacin da INEC ta soke jam'iyyu 74 a 2020. Amma idan ka ce wa matashi ya zaɓe ta, amsarsa ɗaya ce: "Ba za ta ci ba, asarar ƙuri'a zan yi." Sai ya zaɓi mai dama-dama a cikin manya, bayan shekara biyu ya dawo wurin mai shayi yana tsine masa. Fushin nan mun gan shi a kan titi a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024, a Kano da Kaduna da sauran garuruwa. Kwana goma aka ɗiba, aka rasa rayuka, aka kama yara da dama, sannan kowa ya watse. Babu ofishin mazaɓa da ya rubuta sunayen waɗanda suka fito, babu katin jam'iyya, babu wanda zai kira su taro ranar Asabar mai zuwa. 'Yan NEPU kuwa, da ƙarancin boko da ƙarancin kuɗi, abin da suka fi ƙwarewa a kai ke nan: reshe a unguwa, reshe a ƙauye, da karo-karon sisi da kwabo don kai wa iyalin wanda aka ɗaure abinci.

Gidan Malam na Mambayya da ke Gwammaja yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Ɗakinsa na nan, kabarinsa na nan a cikin gidan. Wanda ya je ziyara ya dubi girman ɗakin, sannan ya fito ya dubi motocin masu zuwa yi masa addu'a.

A huta lafiya.